Luz ta fasa zuwa Paris

Yau Luz ta shigo aiki tana rawa, wai ta samu hutu. Nas ce 'yar wani tsibiri a Filifin, asibitinmu ɗaya a unguwar Bronx. Kullum zancenta zaga duniya: Paris, Istanbul, Alƙahira.

Na ce, "To matafiya, daga ina za a fara?"

Ta ce, "Tsibirinmu."

Na fashe da dariya. "Duk cika mana kunnen nan, ashe ƙauye za a koma!"

Ta ce, "Hadiza, Paris tana nan. Mamata kuwa ta tsufa, kuma gasasshen kifinta nake marmari, a bakin tekunmu."

Ni ma rabona da Katsina an jima.

Ku fa, in hutu ya samu, ina za ku nufa?