Shekaru Ukun da Na Bari Babu Rubutu a Fom

Shekarun baya na ajiye tuƙi na zauna gida shekara uku da wata huɗu. Ban taɓa ba da labarin nan a fili ba, yau dai na ga babu wanda ya rage da zan ɓoye wa, sai mutum ɗaya.

Ni direban tirela ne tun ina saurayi. Albasar Gwandu, shinkafa, shanu, duk na kai su Legas da Fatakwal da Anaca. Ramukan hanyar Yawuri zuwa Kontagora zuwa Mokwa na san su fiye da yadda na san sunayen 'ya'yan ƙannena. Ban taɓa kayar da mota ba, ban taɓa taka ko akuya ba. Amma ina da hali, kuma ba zan wanke kaina ba: ba ni da zama wuri ɗaya. Da hadari ya fara haɗowa a gabas sai gonarmu ta Masama ta tsaya mini a rai, in miƙa wa mai mota makullinsa in ce sai kaka. Wani ya haƙura ya jira ni, wani ya ba wani motar. Akwai kuma wanda ya zage ni gaban mutane a kan taya, na bar masa kayansa a nan. A shekara goma sha biyu na yi iyayen gida biyar. A lokacin wannan ba abin kunya ba ne, don a tasha ba a tambayar takarda. Makulli za a ba ka, a ce ka yi ribas ka shigar da ita tsakanin motoci biyu. In ka shiga ba ka goga ba, ka samu aiki.

Sai mahaifina ya fara ruɗewa. Malami ne, shi ke karantar da magidanta a zaurensa bayan la'asar, shi ake kira in 'yan'uwa sun saɓa a kan iyakar gona. Da farko raka'a yake mantawa. Daga baya ya koma kiran mahaifiyata da sunan yayarsa da ta rasu tun kafin a haife ni. Daga nan sai ashar, irin wadda ko a tasha ban cika jin ta ba, daga bakin da ban taɓa jin ya ce wa wani wawa ba. Ya riƙa tuɓe kayansa, ya riƙa ɓata shimfiɗa.

Mahaifiyata ta tara mu, ni da yayana da ƙanena, ta ce, "Wanga abu ba shi hita gidan ga. Duk wanda ya tambaya, ku ce ƙahwa ta."

Ana bukatar namiji mai ƙarfi da zai riƙe shi, ya yi masa wanka, ya tsare ƙofa. Yayana malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, ya ce gwamnati ba ta san wannan ba. Ƙanena yaro ne a lokacin. Yayana ya dube ni ya ce, "Kai da ma ai ka saba ajiyewa ka ɗauka." Daga ranar gudunmawarsa ta zama sabulu da addu'a, kuma sabulun ma ba kullum ba.

Haka na zauna. Masu dubiya su zo, in tare su a zaure in ce ya samu barci. Shekara uku mahaifina yana samun barci. Duk wata nakan ɗauki shatar ƙaramar mota in kai shi asibiti a birni, ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, a gari kuwa mu ce za a duba ƙafa. Katin asibitin yana da sunansa, da sunana a matsayin mai kawo shi, da kwanan watan kowane zuwa, da hatimin ɓangaren ɓaro-ɓaro a sama. A cikin gwangwanin madara nake ajiye shi a ɗakina. Da Allah ya karɓi abinsa, mutane suka cika unguwa, kowa na cewa Malam ya sha fama da ƙafa. Na ji daɗin hakan ƙwarai, na ce a raina ko ba komai na rufa wa ubana asiri.

Bayan sadakar arba'in sai ga abokina. Tare muka koyi mota, gidansu na bayan namu. Shi ya samu shiga wani kamfanin jigila da ke da fili a Kalgo, ya yi ƙiba, har da rigar aiki mai aljihu biyu.

Ya ce, "Ka taho Kalgo ran Litinin. An kawo sabbin motoci, direbobi aka biɗa. Albashi duk wata, ga asibiti kai da iyalinka. Amma hwa can ba tasha ba ta, fom aka cikawa."

Na ce fom ai ba giyar mota ba ce, ba ta fin ƙarfina.

A gaskiya ina tsananin bukatar aikin nan. 'Ya'yana huɗu, babbar ta kai shiga sakandare, gonar kuma ta koma hannun ƙanena. Na kuma ji cewa akwai shekarun da in mutum ya wuce su kamfanin ba ya ɗauka, ni kuwa saura mini kaɗan in wuce. Wato in na rasa wannan karon, na rasa ke nan.

Ranar Litinin na sa shaddar Sallah na tafi. Gwajin tuƙi aka fara yi. Da na hau motar, sai na ga madubai da maɓallai kamar shagon mai gyaran rediyo, har na kunna abin goge gilashi ina neman sigina. Amma da na sa ribas, hannuna ya tuna aikinsa. Na shigar da ita tsakanin durom biyu a karo ɗaya. Mai gwajin ya ce, "Baba, hannunka bai mutu ba." Baban ne bai yi mini daɗi ba, sauran kuwa na karɓa.

Daga nan aka tura ni ofis wurin wata mata 'yar ƙasar Zuru, mai tabarau da ƙaramin kuros a wuya. Kowa madam yake ce mata. Ta ga yadda nake riƙe da biro, sai ta karɓi fom ɗin ta ce in faɗa ta rubuta. Daga wace shekara zuwa wace shekara, motar wa, me ya raba ku. Da muka kai ubangida na uku ta cire tabarau tana dariya.

"Malam, kai direba ne ko manomi?"

"Dauri dukka biyu na, madam. Yanzu na bar ma ƙanena gona."

Ta ce ba komai, ta san damina, ita ma 'yar manoma ce. Har wanda ya zage ni a kan taya ta rubuta shi da kalma mai laushi. Sai muka iso layin ƙarshe, na shekarun da na zauna gida, ta ɗora bakin biro a kai ta jira.

Na ce mahaifina ne ba shi da lafiya.

Ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma Malam, yau kai ne na huɗu da ya ce mini haka. Ba ƙaryata ka nake yi ba. Mota za a ba ka da kayan mutane ka tafi Legas. Shekara uku babu labari, manyana za su ce ko gidan yari ne, ko ƙwaya, ko ka buge wani ka ɓuya. Ka kawo mini wani abu. Ko katin asibiti ne, in haɗa da fom ɗin. Wane irin ciwo ya yi?"

Ƙofar ofishin a buɗe take. A kan bencin waje akwai direbobi suna jiran layi, biyu daga cikinsu 'yan Dalijan ne, kusa da garinmu, sun san mahaifina. Mai ajiye fayil ɗin ma ɗan Gwandu ne.

Na ce, "Ƙahwa ta. Maganin gida munka yi, babu kati."

Ta ce za ta riƙe fom ɗina har Juma'a, in na tuna da wata takarda in kawo.

Na koma gida na buɗe gwangwanin. Duk abin da take nema yana jikin katin nan, wata bayan wata, babu tsallake. Ranar Laraba na kai shi ɗakin mahaifiyata na yi mata bayani. Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba.

"Ka kai sunan ubanka ofis da hatimin mahaukata, 'yan boko su yi ta juya shi? Abin da munka ruhe yana da rai, shi za ka buɗe yana kabari? Abinci na Allah na."

Ban yi gardama ba, don ni ma abin da zuciyata ke faɗa ke nan. Na mayar da katin. Juma'a ta zo ta wuce ina zaune a zaure. Sati na zagayowa aka raba motocin, ɗaya daga cikin 'yan Dalijan ɗin nan da ya taka durom a gwaji ya samu tasa.

Tuƙi dai na koma, amma wurin irin mai motar da ba ya tambayar komai. Shi ba ya tambayar inda ka kwana shekara uku, kai ma ba ka tambayarsa yaushe aka sauya taya. Motar ta girmi babbar 'yata. Birki sai na taka sau uku yake tunawa da ni, in ana ruwa kuwa da buhu nake rufe cinyata. Duk gangara sai na karanta abin da na iya.

Bayan kamar shekara guda, motar ta lalace mini a Mokwa da tsakar rana, da lodin albasa. Ina jiran makaniki sai ga abokina ya faka tasa kusa da tawa, fara tas, ya sauko ko gumi babu. Ya ja ni rumfar mai abinci. Muna cikin ci ya ce madam an yi mata canjin wurin aiki, amma har ta tafi tana tambayata.

Ya ce, "Ranar da kat tahi ta kira ni. Ta ce tunda garinmu ɗaya, in gaya mata mi ya hana ka aiki shekara ukku, ko da baki na, ta sa hannu ta tsaya ma. Nic ce ban sani ba."

Na ce, "To ai gaskiya ka hwaɗi."

Ya ajiye cokali ya dube ni. "Wace gaskiya? Duk Masama wa bai sani ba?"

Na ce ban gane ba.

"Tun shekarar hwarko. Wata rana ka tahi Gwandu sayen magani, Malam ya hito da hantsi ba komi jikinai, har bakin masallaci. Babanmu ya tuɓe rigatai ya sa mai, mu munka rako shi ta ƙohwar baya. Innarku ta roƙe mu kar mu gaya ma, ranka zai ɓaci. Ko ba wannan ba, katangarmu ɗaya da ku, muna jin komi."

Na tuna fuskokin masu dubiya, yadda suke gyaɗa kai in na ce ya samu barci, su ce Allah ya ba ƙafa sauƙi, su juya. Ashe tare muke wasan, ni kaɗai ne ban san wasa ake yi ba.

Na ce, "To mis sa ba ka gaya mata ba? Kalma ɗaya hwa."

Ya ce, "Kai ɗanai ba ka hwaɗi ba, ni za ni tona asirin Malam gaban baƙuwa? Shi ya koya min alwala."

Ya biya kuɗin abincin, ya ba ni haƙuri, ya tashi motarsa ya wuce. Ni kuma na kwana biyu a wurin, albasar tana ɗumi a cikin bodi. A lokacin na riga na wuce shekarun da kamfanin ke ɗauka.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin. Madam ta yi mini fiye da abin da aikinta ya ce ta yi. Abokina ya girmama malaminsa. Mahaifiyata kuwa ta san duk gari ya sani ranar da take tsintar waken nan, amma a wurinta abin da kowa ya sani bai faɗa ba, rufaffen asiri ne, sai an rubuta shi a takarda yake tonuwa. Na fahimci hakan, sai dai fahimta ba ta rage mini ɗaci ba. Kowa ya yi kara, kowa ya fita da mutuncinsa, ni aka bari da tsohuwar mota. Yayana ya yi ritaya, yanzu a zauren Malam yake zama, in baƙi sun zo shi ke ba su labarin yadda muka yi jinya.

Ba na nadamar wankan da na yi wa ubana, ko sau ɗaya. Da za a maimaita, zan sake yi. Abin da ke ci mini rai shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi a duniya, wanda ban gudu na bar shi ba ko da damina, shi ne kaɗai aka bari fari a takardata, har mutane suka ga ya yi kama da zaman gidan yari.

Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai. Duk dawowata daga Kudu nakan shiga in gaishe ta, ta tambaye ni hanya in ce lafiya lau. Ban taɓa gaya mata na ji labarin bakin masallaci ba. Ranta zai ɓaci.