Tafin Hannun Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, makanikin injin ban ruwa ne a Bunkure, kuma kunnensa ya mutu tun ina aji huɗu a firamare. Shekarun da ya yi a gindin injin casar shinkafa ne suka cinye masa shi. Da ya koma gyaran injin ban ruwa sai ya zama ba ya ma bukatar kunnen. A tayar masa da inji, ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya lumshe ido, can sai ya ce ringin injin ne ya lalace, ko fulogi, ko kuwa gurɓataccen mai ka zuba masa. Manoman tumatir da albasa har daga Kura suke ɗauko masa injinansu a bayan babur, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce Kawu ya yi kuskure ba.

Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, dattijon nan mai baƙin mai har gwiwar hannu ya taɓa zama makaɗi. Yana saurayi ya gudu birni, ya shiga wata ƙungiyar kiɗa a Sabon Gari, yana riƙe musu jitar bes, babbar jitar nan mai kaurin murya da cikin mutum ke ji kafin kunnensa. Kakanmu malami ne mai makaranta a ƙofar gida, don haka ba sai na faɗi yadda aka kwashe ba. Kawu ya dawo, ya bar jitar a can. Abu ɗaya ya taho da shi: kaset ɗin wani Ba'amurke siriri mai dogon gashi, wanda ya ce a duniya babu mai taɓa bes kamarsa. Kaset ɗin rediyo ta tauna shi tun da daɗewa, saura kwalin, yana naɗe cikin leda a ƙasan akwatin sifanunsa.

"Uwata," yakan ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "kin ga mutumina? Kowa kaɗa jita yake yi, shi magana yake sa ta. Yanzu haka yana can yana ba su wuta."

Na ji wannan magana ta fi sau ɗari, da muryar nan tasa ta wanda ba ya jin kansa, wadda ake jiyowa daga tsallaken kanal ɗin ban ruwa. Tun ina yarinya na ƙudure a raina sai na sa Kawu ya sake jin mutumin nasa, ko da sau ɗaya ne. Na girma, na zama malamar makaranta a Kura, na yi aure, na haihu, amma wannan buri bai bar ni ba.

Wani rani, lokacin da tumatir ya yi yawa har ana shanya shi a gefen titi, na kai wa Kawu ziyara, na lallaɓa na ɗauki hoton kwalin nan da wayata. Da na koma gida na rubuta sunan na nema. Abin da ya fara faɗo min wani faifai ne guda cur na waƙoƙin mutumin, amma babbar ƙungiyar masu busa ce ta yi su, irin badujala, sai dai ta 'yan kwat. An tara gwanayen bes, kowa aka ba shi waƙa ɗaya ko biyu. A ƙasa an rubuta cewa don tunawa da shi aka yi. Na karanta da idona, na gane sarai, na wuce abina. A raina wannan tsohon labari ne da kowa ya sani.

Na kunna a kicin ina tuƙa tuwo. Wayyo Allah! Masu busa suka taso gaba ɗaya, ita kuma bes ɗin tana ta sintiri a ƙarƙashinsu, ta hau ta sauka, ta tsaya kamar za ta faɗi sai ta wuce. Ni da ban san kan wannan kiɗa ba na saki muciya na kama rawa. Tuwon ya kama, maigidana ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, ya ci haka nan, yau na tsinci mutumin Kawu.

Washegari babu makaranta. Kafin hantsi ina Bunkure, a gindin darbejiyar da Kawu ke aiki, ga manoma shida ko bakwai kowa ya tasa injinsa a gaba. Na nuna masa hoton da ke jikin faifan a waya. Ya ajiye sifana, ya goge hannu a riga, fuskarsa ta buɗe.

"Mutumina! Sabo ya yi?"

"Waƙoƙinsa ne, Kawu!" na ce, ina kallonsa ido cikin ido, don a leɓe yake karanta magana. Ban tsaya na ji tambayar tasa da kyau ba, zumuɗi ya riga ya toshe min kunne ni ma.

Na cusa masa iyafis a kunne, na ƙure ƙarar. Ya yi murmushi, ya fara gyaɗa kai. Na yi tsalle, na tafa, na kalli manoman nan ina jiran su taya ni. Sai na duba wayar na ga waƙar ta ƙare tuni, shi kuwa yana ta gyaɗa kansa. Don kada ya ba ni kunya yake yi. Ya zare abin ya miƙo min, ya ce, "Ya yi daɗi, Uwata." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin wayar, na ji haushin injin casar shinkafa, na ji haushin kaina. Na koma kan benci na zauna ina cizon leɓe.

Ina zaune wani mai albasa ya ja igiyar injinsa, injin ya tashi yana tari. Kawu ya ɗora masa tafin hannu, ya lumshe ido. Ni kuwa na miƙe zumbur har jakata ta faɗi. Ashe duk shekarun nan kunne nake ta nema masa, alhali ga inda yake ji a gabana! Ban yi wa kowa sallama ba, na tare babur sai Kura.

Maƙwabcinmu yana ba da hayar kayan sauti a gidajen biki, kuma yana da adaidaita sahu ta ɗaukar kayan. Na same shi yana cin ɗanwake a ƙofar gida.

"Malam, sifikarka nake so. Yanzu-yanzu."

"Malama, bikin wa ake yi ban sani ba?"

"Babu biki."

"Suna ne?"

"Kawuna zan sa wa kiɗa."

Ya dakata da cokali a hannu. "Wane kawun? Ba dai mai gyaran inji ba, wanda ba ya ji?"

"Shi fa."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga da gaske nake. Ya tura kwanon gefe ya ce, "To ki ce a ɗauko babbar."

Babbar kuwa ta kai ni tsawo. Muka zaunar da ita a kujerar baya, ta cinye wurin mutum biyu da rabi, ni na maƙale a ragowar, ga ƙaramin janareta a kan ƙafata. Maƙwabcin nawa ya ce hanyar bakin kanal ta fi sauri, ni kuma na yarda, abin da ba zan sake yi ba. Duk ramin da muka faɗa sai sifikar ta rusuno kaina, in rungume ta ina salati ina dariya. Mata masu wanki a bakin ruwa suka ɗago suna tambaya ina za a kai amarya. Na ce musu ga ta nan a gefena, ba su ga ƙibarta ba? Muka wuce masu yankan alayyahu, muka wuce wata akori-kura da aka lafta wa kwandunan tumatir, direban yana mana hon. Ni dai ji nake kamar in sauka in tura adaidaitar don ta ƙara gudu.

Da muka isa manoma sun ƙaru, kuma babu wanda ya sake maganar injinsa. Su suka kama aka sauke ta a gindin darbejiya. Kawu ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon ikon Allah.

"Uwata, me ya lalace a jikinta? Ni ba na gyaran wannan."

Na kamo hannunsa na dama, da baƙin man da komai, na ɗora a gaban sifikar. Na ɗaga wa maƙwabcina kai.

Busar farko da ta fito, awakin da ke kwance a inuwa suka watse, wani bawan Allah ya saki butarsa. Kawu bai motsa ba. Ya lumshe ido irin yadda yake yi wa inji, can ya buɗe ya daka wa maƙwabcina tsawa, "Rage na saman nan, ƙaro na ƙasa!" Aka murɗa. Bes ɗin ta fito sosai har benci yana rawa. Sai na ga Kawu ya matsa, ya manna ƙirjinsa a jikin sifikar, ya zagaya ta da hannu. Yatsunsa na hagu suka fara tafiya a gefen katakon, suna danna igiyoyin da babu su.

"Na san ta!" ya kwatsa. "Wallahi na san ta! Nan zai hau, ku saurara, nan zai hau!" Kuma ta hau, daidai inda ya ce.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ina kuka ina dariya, gyalena ya zame ban damu ba. Mai albasan nan, dattijo da furfurarsa, ya tattare riga ya shiga taka rawa yana cewa shi bai san kiɗan ba amma ƙafarsa ta sani. Masu babur suka tsaya. Mai rake ya turo baronsa ya zo. A rayuwata ban taɓa jin na yi wani abu daidai kamar wannan lokacin ba, har na fara tsara yadda zan ba mahaifiyata labari.

Waƙa ta biyu ta shigo. Kawu ya ɗan ja baya, ya mayar da tafin hannu kawai, ya haɗe gira.

"Wannan ba shi ba ne."

Ta uku ta shigo. "An sake canza mutum. Wannan hannunsa da nauyi." A ta huɗu ya girgiza kai. "Wannan kuma matashi ne, gaggawa gare shi, amma ya iya." Manoma suka ɗauki shewa, don na nuna musu a waya cewa gaskiya ne, kowace waƙa da mai kaɗa ta. Ni ma ina cikin masu shewar, ina ta alfahari da kawuna.

Sai ya juyo ya kalle ni. "Na farkon ma na yi shakka, na ce ko tsufa ne ya kama shi. Waƙoƙinsa ne, amma babu hannunsa. Shi yana ina? Sai a ƙarshe zai shigo?"

Sai a lokacin na tuna tambayar da ya yi min da safe, na tuna yadda yake cewa yanzu haka yana can yana ba su wuta. A Bunkure wa zai gaya masa? Rediyonmu ba ta kawo labarin irin waɗannan makaɗa, ita ma ya daina ji tun ina firamare. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so, amma mutumin da ya gano hannu huɗu ta cikin katako ba zan iya ruɗinsa ba. Na tsaya a gabansa yadda zai ga leɓena.

"Kawu, ya rasu."

"Yaushe?"

"Tun kafin a haife ni."

Ya ɗauke hannunsa daga sifikar. Maƙwabcina ya kashe kiɗan, masu rawa suka tsaya cirko-cirko. Kawu ya yi salati a hankali, karo na farko da na ji muryarsa ta yi ƙasa. Ni kuwa na tsani kaina, na ɗauko sifika tun daga Kura ina ihu ina guɗa, ashe saƙon mutuwa na kawo.

"To waɗannan fa, su wane ne?"

"Abokansa ne, da waɗanda suka koya daga gare shi. Taruwa suka yi don tunawa da shi."

"Su nawa?"

Na buɗe masa hoton ƙungiyar, sahu uku na masu busa, ga mai ganga, ga masu bes a jere. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki, ya bar min baƙin mai a fuskar waya. Da ya kai ƙarshe ya gyaɗa kai.

"Ya yi jama'a," ya ce. "Alhamdulillahi, ya yi jama'a."

Ya je ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwa, abin da ba ya yi sai zai yi salla. Ya ɗauko hularsa daga reshen darbejiya ya sa, ya shimfiɗa tabarma a gaban sifikar, ya cire takalmi ya zauna.

"Mayar da shi farko, Uwata. Ɗazu rawa aka yi, ban gaishe su ba."

Aka mayar. Ya ɗora tafin hannunsa na dama. Babu wanda ya sake taka rawa. Mai albasa ya sauke rigarsa, ya cire takalmi, ya durƙusa inda Kawu zai ga bakinsa, ya miƙa masa hannu ya ce, "Ya haƙuri?" Sauran manoman suka jeru a bayansa.

Kawu ya dubi hannun da aka miƙo masa, ya dubi nasa da ke kan sifika. Sai ya fara ɗora na hagu tukuna, ya tabbatar ya kama waƙar, sannan ya ɗago na daman ya ba shi.