Babban Yatsana

Shekarun baya, ina aji huɗu a makarantar likitanci nan Tamale, babu gaɓar da ta kai babban yatsana na dama aiki a jikina. Ƙwaƙwalwa takan huta, ƙafafu su huta, shi kam daga sallar asuba yake kama jan allon waya, sama, sama, sama.

Kullum da safe ƙawata takan taso daga Gumbihini a kan babur ɗinta ta ɗauke ni a gidanmu da ke Nyohini, inda mahaifiyata ke sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Shekara guda muna bin hanya ɗaya, amma da za a ce in kwatanta ta ba zan iya ba. Ina zaune a baya, hannu ɗaya a kafaɗarta, ɗaya riƙe da waya, ni kuwa ina can wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. A can ɗaliban likitanci na karatu a bakin taga, ga fure a kwalba, ga shayi yana tururi, ba wanda ke gumi, ba wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa. Ni ma nakan sa farar riga in ɗauki hoto in ɗora, sannan in zauna zaman jiran masu yabo.

A hankali abin ya fara cin raina. Sai in buɗe littafi in karanta layi ɗaya sau biyar bai shiga ba. Barci ya ƙaurace mini, gabana yana faɗuwa ba dalili, wani lokaci hawaye su zubo ina tsakiyar wanke kwano. Da yake mu 'yan koyo ne, babu cutar da ban laƙaba wa kaina ba, daga ta zuciya har ta maƙoshi. Wadda ke damuna ce kawai ban yarda in kira sunanta ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Na riga na faɗi jarrabawar duba mara lafiya sau ɗaya. In na sake faɗuwa, maimaita shekara ce. Mahaifiyata kuwa ta gama shaida wa duk mai sayen koko cewa 'yarta dokta ce, har da masu yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, da ke tsayawa karyawa.

Saura mako uku a sake jarrabawar, muna zagayen gadaje da malamarmu, wata babbar likita mai ƙarancin magana. Damina ce, an kwana ana ruwa, iska mai sanyi tana kaɗa labule. Muka tsaya kan wata tsohuwa da ta kusa sallama, malamar ta ce in ƙirga bugun jininta. Wayata na aljihu, ta yi motsi sau biyu, rabin hankalina yana wurin. Na kama wuyan hannun tsohuwar, na dubi agogo, na ƙirga.

"Ɗari da sha takwas," na ce, har da 'yar fargaba irin ta wadda ta gano babban abu.

Malamar ta matso. Ta ɗora yatsunta uku a inda na taɓa, ta ƙirga na minti guda.

"Saba'in da biyu," ta ce. Sannan ta dubi hannuna. "Da wane yatsa kika ji?"

Na sunkuya na duba. Babban yatsana ne a kan jijiyar. Tun aji ɗaya aka hana mu haka, domin babban yatsa yana da nasa bugun mai ƙarfi, wanda ya ɗora shi a hannun mara lafiya zuciyar kansa zai ji. Na san wannan sarai. Yatsan ne ya saba riga kowa isa wurin aiki.

"To wannan ɗari da sha takwas ɗin na wa kika ƙirga?" in ji ta, a hankali.

Tsohuwar ta riƙe hannuna da nata biyu, ta dubi malamar, ta ce da irin Hausarmu ta nan da ba ta raba mace da namiji, "Dokta, ni na samu lafiya. Yarinyan nan shi ne ba shi da lafiya."

'Yan ajinmu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ni ma na yi, sai dariyar ta juye kuka. Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani sauƙi, don yau an ji abin da na daɗe ina ɓoyewa.

Malamar ta kira ni ofishinta, ta tambaye ni barci, ta tambaye ni abinci, ta tambaye ni awa nawa nake yi a waya. Na rage rabi na faɗa, duk da haka ta ɗaga gira. Ta haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce, "Wannan maganar, da mara lafiya ne ya faɗa miki, me za ki ce masa?" Na je. Na yi wata shida ina zuwa, kuma a wurinsa na fara kiran abin da sunansa: ciwon damuwa.

Da na faɗa wa mahaifiyata, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Yatsa ɗaya ne ya ba ka wahala haka? Kawo shi nan." Ranar Juma'a da la'asar ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa mini manyan yatsuna biyu, ta ɗaure da leda, ta jefa wayar cikin kwandon gero.

Na kwanta a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanmu, hannuwa a sama. Rabin awar farko kamar in tashi in tona kwandon. Daga baya na fara ganin gajimare suna tafiya ta tsakanin ganye, a natse, ba mai tura su sama. Ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa ya taso, wata maƙwabciya tana daka, kiran salla ya zo daga masallatai uku, ɗaya yana bin ɗaya. Ashe duk wannan yana nan, a gidan da nake kwana. Cikin ledar ina jin yatsan yana bugawa, yana raguwa, yana raguwa, har barci ya ɗauke ni tun rana ba ta faɗi ba, irin barcin da na manta daɗinsa.

Ranar jarrabawa aka ba ni wani dattijo mai tari. Na miƙa hannu, sai ga jan yatsa ya yi gaba kamar yadda ya saba. Na gan shi, na lanƙwashe shi baya, na ɗora ukun. Tamanin cif, kuma nasa ne. Na ci jarrabawar, da ƙyar dai, amma na ci.

Ba zan ce na rabu da waya ba, ga shi a cikinta nake muku wannan rubutu. Abin da ya sauya shi ne na daina rantsuwa da duk abin da yatsan nan ya jiyo mini. Sau da yawa na ɗauka duniya ce ke gudu ta bar ni, ashe zuciyata ce nake ji. Har yau in mahaifiyata ta ga na yi shiru da yawa a kan allo, kwanon lalle kawai take ɗaukowa.

Kai ma da ka biyo ni har ƙasan wannan rubutu, na san yatsan da ya kawo ka. Ka ɗan ba shi hutu, ka ɗora yatsu uku a wuyan hannunka, ka ji yadda kake.