Yadda Muka Kewaye Birnin Akka a Kan Teburin Cin Abinci

Lokacin ina aiki a gidan kula da tsofaffi a birnin Greensboro, can ƙasar waje, da yamma kuma ina zuwa kwaleji. Cikin darussan da aka tilasta mana har da tarihi, sai malamar ta ba ni aikin yin bayani a gaban aji kan yadda rundunar Musulmi daga Masar ta kewaye Akka, wani birni a bakin teku da ke hannun Kiristocin Turai, har ta ci shi.

Wata Asabar ina gwada bayanin da ƙarfi a falo, maigidana, direban tasi ne ɗan Damagaram, yana kwance yana gyangyaɗi. Sai ga maƙwabcinmu ya shigo aron tsani. Mutumin Jos ne, dattijon coci, muna ce masa Baba. Ya tsaya ya saurara, ya ce shi bai gane yadda za a ci birni mai ganuwa biyu da teku a bayansa ba, lalle masu tsaron ragwaye ne. Maigidana ya tashi zaune. Shi da bai taɓa jin sunan Akka ba sai ranar, ya ce ai kakanninsa ne suka yi aikin.

Kafin in ankara sun kwashe kayan teburina. Baba ya jera gwangwanayen tumatir ya yi ganuwa, aka shimfiɗa shuɗin zanena ya zama teku. Da na ce an yi amfani da manyan majaujawa na katako masu jefa duwatsu, maigidana ya ɗauko ludayi da gyaɗa. Jifansa na farko ya wuce birnin ya shiga kofin shayina. Na biyu ya sami Baba a goshi, Baba ya ɗauki gyaɗar ya cinye, ya ce ganima ce.

Na yi ta nuna musu littafi cewa birnin ya faɗi, Baba ya ƙi. Duk gwangwanin da aka kayar sai ya tayar, wai yana jiran gudunmawa ta teku. Ana cikin haka matarsa, wadda ta gaji da jiran tsani, ta turo ƙofa da tukunyar gwate.

“Ga jiragenmu sun iso,” in ji Baba.

Maigidana ya dubi tukunyar, ya ajiye ludayi. “Baba, a tsagaita wuta mu ci abinci.”

Suna ci na karanta musu ƙarshen: yadda aka haƙa rami ƙarƙashin ganuwa ta rufta, mata da yara suka yi ta turereniya a bakin ruwa, jirage ba su ishe su ba, wasu suka nutse. Cokula suka tsaya. Matar Baba ta ce Allah ya kyauta, duk muka amsa, sannan ta ƙara wa kowa gwate.

Ranar bayani na tafi aji da gwangwanayen. Malamar ta yaba, sai dai ta ce na ba masu tsaron birnin ƙarfin da ba su da shi. Da na faɗa wa Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce in sake ɗaukar tarihi, amma in zaɓo yaƙin da nasu suka ci. Zango na gaba na yi rajistar lissafi.