Isufu ya tafi, lambobin Bubakar ba su ƙare ba

Da safen nan ina alwala aka ce min Isufu mai ordinatar, wato kwamfuta, ya rasu. Mota ce ta kife da su a hanyar Ingal. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi lakkwal ba, ban iya rubutu ba. Ɗiyata Ramatu ke buga wanga, na kuma ce mata kar ta gyara min magana ko ɗaya.

Wanda bai sani ba ya sani: shekarar da fari ya cinye mana awaki, ɗana Bubakar ya tafi haƙar zinariya Cibarakatan. Bai dawo ba. Portabul ɗinshi, wayar hannu, ita kaɗai wani direba ya kawo, a fashe, ya ce a bakin rami aka tsince ta. Ba gawa, ba wanda ya ga komi.

Na zaga buro-buro na gwamnati. Tunda sojoji suka hau, kowa ka je wurinshi sai ya ce ba shi ne ba, ka dawo. Dangi kuwa suka ce a yi sadaka a huta. Na ce wanda ya ga gawar ya zo ya karɓi goron.

Isufu ne kaɗai bai ce min in haƙura ba. Ba ɗana ba ne, ba dangina ba. Shagonshi na kusa da tasha.

Ya ciro abin da ke cikin portabul ɗin. Sunaye duk sun tafi, sai lambobi kawai, jere a gilashi kamar tururuwa. Na ce mi za a yi da wannan? Ya ce, "Baba, zauna. Dabino ma ware shi ake."

Ya rubuta wa na'urar abin da za ta yi: duk inda ta ga giɓi ta yanke, ta ƙirga. Masu shifar takwas, wato ƙwayar lamba takwas, na ƙasarmu ne, gefe guda. Dogaye na Aljeriya da Libiya ne, gefe guda. Ƴan guntaye na sa kuɗin waya ne. Kafin shayi ya tafasa ta gama.

Na ga wasu sun ɓace, na ce ina suka je? Ya ce masu bakwai ne, ba su cika ba, na'ura ta zubar.

Ranar mun yi faɗa. Na ce Bubakar da babban yatsa kamar taɓarya yake danna waya, in ya tsallake ɗaya shi ke nan sai a zubar da mutum? Ya yi dariya ya ce, "Kai da kafiya, Baba, ko raƙumi ya sallama maka." Amma ya maido su.

Muka kira masu takwas duka. Wani ya zage mu. Wata ta yi ta kuka, ita ma nata take nema. Dogayen, rabinsu ba rezo, kira bai shiga. Wasu na ringi har yau, ba mai ɗauka. Su ne nake ji a kunnena ko ina salla.

Masu bakwai ɗin, sai ya sa na'ura ta riƙa cusa shifar da ta ɓace a kowane gurbi, lamba guda ta haifi tuli. Duk ranar da akwai kuran, wato lantarki, muna kiran kaɗan. Bai taɓa barin na zauna a rana ba, kujerarshi yake ba ni, shi ya hau bokiti.

Ganinmu na ƙarshe, ya rako ni har bakin titi, abin da bai saba ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, sun kusa ƙarewa. In mun kira na ƙarshe ba labari, ka yi min alkawari za ka bari a yi wa Bubakar sadaka. Mahaifiyarshi ta gaji."

Na ce kai ma ka bi su? Na fizge hannuna na tafi.

Ban yi alkawarin ba. Shi kuma bai kai na ƙarshen ba. Suna can cikin ordinatar a shagon da aka garƙame, ban san ko guda nawa suka rage ba. Ɗazu na bi ta wurin, na tsaya, ƙafata ta ƙi wucewa.

In akwai wanda ya iya irin aikin nan cikin masu karantawa, ya nemi iyalan Isufu bayan zaman makoki, ya buɗe min ordinatar ɗin. Masu bakwai ɗin nake so.

Ya Allah Ka yi wa Isufu rahama, Ka yalwata kabarinshi, Ka raya ƴaƴanshi. Yadda bai zubar da nawa ba, kada Ka bar shi baya ranar da ake ware mutane.

Duk wanda ya karanta ya yi mishi fatiha. Shi kaɗai. Bubakar kuwa kar wanda ya sa min shi cikin addu'ar mamata. Ku roƙa mishi hanyar gida.