Haɓar Kakanta

'Yata ta biyu tana shekara bakwai lokacin da na lura ba ta iya gatsar masara. Muna zaune a tsakar gida a Tudun Wada, yayanta ya kusa cinye tasa, ita kuwa tana ɓanɓarar ƙwayoyin da yatsa tana turawa gefen kumatu. Na ce ta haɗe haƙoranta in gani. Sababbin haƙoranta na sama sun koma ciki, na ƙasa sun rufe su ta gaba.

Likitan haƙorin da muka gani a nan Gusau mace ce mai magana a hankali. Ta ce ƙashin yarinya yanzu yana da taushi, ana iya karkata shi kamar ɗanyen icce. Za a yi mata wani ɗan faranti na roba mai waya, ta riƙa sawa a saman bakinta. In aka bari ta girma, sai aikin ya fi haka wuya.

Maigidana ya yarda, amma ya ce sai Inna ta ji. Inna mahaifiyarsa ce, tana Nahuce, kuma ba ta da abokiyar hira kamar wannan jika.

Da muka je na yi mata bayani, sai ta ci gaba da tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Mi ta yi muku?" ta ce. "Wagga haɓa ta Malam ce. Duk cikin jikokina ita kaɗai ta ɗauko shi."

Malam shi ne mijinta, ya rasu tun kafin a yi aurena. Ban san fuskarsa ba, ko hoto babu. Na je da shirin amsa mata in ta ce ana taɓa halittar Allah. Wannan kuwa ban yi zatonsa ba. Muka dawo gida ba a yanke komai ba, ni ma kuma na fara jin nauyin abin.

Da babbar salla muka koma Nahuce. Aka zuba wa yara soyayyen nama. Yarinyar ta ɗauki tsoka ɗaya ta yi ta fama, 'yan uwanta suna dariya, daga baya ta ajiye ta ce ta ƙoshi. Inna na kallo daga bakin ɗakinta. Ta tashi ta ɗauko ƙaramin turmi, ta daka mata naman da kanta.

Da la'asar ta kira ni.

"Shekarun da na yi da Malam, ban taɓa ganin ya ci nama gaban mutane ba," ta ce. "Cewa yake ba ya so. Ni kaɗai na san daka mashi nake. Ku kai ta wurin likitar."

Watannin farko bayan an sa wa yarinyar farantin sun yi wuya. Maganarta ta canza, yawu na zuba, ta sha ɓoye farantin a ƙarƙashin katifa. A hutun makaranta, da muka kai ta Nahuce, Inna ce ta karɓi aikin kula da farantin. Ita ke wanke shi, tana ajiye shi cikin wani tsohon kwanon goro idan za a ci abinci, kuma ba a yi mata gardama.

Kafin shekara ta zagayo haƙoran sama sun fito gaba. Fuskar ta ɗan sauya, kaɗan ne, amma wanda ya sani zai gane. Wani lokaci nakan ga Inna ta riƙe haɓar yarinyar ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana kallo. Ban taɓa tambayarta abin da take gani ba. Ranar da na fi kusa da tambaya, sai ta saki yarinyar ta ce, "Tafi ki kira min yayanki, ruwa na zuwa, ga hatsi a waje."