Baba Bara'u da Mutum Tara da Teku Ta Riƙe

Shekara goma sha tara ke nan rabona da Gusau. A cikinsu na raka gawa da yawa a nan ƙasar Ingila, amma babu wadda ta karya mini gwiwa kamar ta wannan makon. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, 'yarka Monica ta kira ni daga Birmingham ta ce ka cika. Baba Bara'u, ka tafi da shekara casa'in da takwas, ko da tara, don kai ma ba ka taɓa tabbatarwa ba.

Na san ka lokacin da karatuna ya tsaya, ba wurin kwana, ba fuskar komawa gida. Ka ba ni ɗaki a flat ɗinka, ɗan gidan haya a unguwar Ardwick ta Manchester, ba ka tambaye ni ɗan wa nake ba. Ran nan na sayo mana kifi da dankali a Oxford Road don in nuna godiya. Ka cinye dankalin, ka turo mini kifin, ka ce, "Ɗana, ci abinka. Ni ba na cin wanda ya ci 'yan'uwana."

Daga baya ka ba ni labarin. A Yaƙin Hitila, shekarar 1943, kana saurayi daga Lakwaja, ka sami aikin zuba kwal a wutar wani jirgin kaya da ya tashi daga Ikko da gyaɗar Kano da kuzar Jos. Ku goma ne a can ƙasan jirgin. Kun kusa gaɓar Saliyo, har ana hango itatuwa, sai la'asar ta yi. Wani Nyam, mutumin Jos, wanda ba salla yake yi ba, ya karɓi shebur ɗinka ya ce ka hau ka yi, ka roƙa masa ya sami mata. Kana raka'a ta biyu jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbo ku. Masunta suka tsamo ka. Taran nan babu wanda ya fito.

Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Wannan ne ya zauna maka a rai. Shi ya sa ka zama mai wankan gawarmu a Manchester tun kafin a haifi yawancinmu. Ɗalibi ya rasu, kai ne. Matar likita ta haifi gawa, kai ne za ka naɗe abin a hannunka. Ba ka taɓa karɓar ko shayi a gidan makoki ba. Kuma kowace Juma'a, bayan an watse, kana zaune kana kiran sunayen taran nan ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya ka roƙe mu: mu tsaya sahu sau ɗaya, mu yi wa Musulmin cikinsu sallar gawa ta wanda ba ya nan. Sai muka mai da shi muhawara. Malamanmu suka ce a mazhabarmu ba a son sallar sai da gawa a gaba. Samari masu karatun zamani suka ce ta halatta. Ban ce wani ya yi ƙarya ba, kowa da hujjarsa, kuma na ji su. Amma ƙungiyarmu da ke iya shirya bikin Salla na mutum ɗari uku cikin mako biyu ta kasa yanke wannan cikin shekara goma sha biyar. Kullum sai a zama na gaba. Ka taɓa yi mini dariya ka ce Bature ya manta da ku don ku baƙaƙe ne, mu kuma mun ajiye ku don mu malamai ne.

Da ƙafa ta gaza, council, wato hukumar gari, suka karɓi flat ɗin, Monica ta ɗauke ka zuwa gidanta a Selly Oak, can Birmingham. Ba addininku ɗaya ba, amma ita ke juya maka kujera gabas, ta san lokacin kowace salla fiye da wasunmu. Nakan hau mota ran hutuna in zo. A nan na ga mantuwa tana cin sunayen. Da tara ne, sai ka kai bakwai ka tsaya kana kallon yatsunka. A zuwana na ƙarshe ka kama hannuna ka ce, "Rabi'u, sunan wa ke bin na Tanko?" Ban sani ba, Baba. A Juma'o'in nan a hankali kake kiran su, tsakaninka da Ubangijinka, babu wanda ya ji su duka. Ka yi kuka, irin kukan da ban ga ka yi a kan wata gawa ba.

Ni na yi maka wanka, yadda ka koya mini, dama kafin hagu. Mutane sun zo, gaskiya sun zo, daga Manchester har mota biyu. Da aka idar da salla na je wurin Malam Junaidu, matashin limamin da ya ja ta, na gaya masa roƙonka. Ya ce, "Salla ban isa in yanke ba, Kawu. Amma addu'a ba ta neman izinin kwamiti. Kawo sunayen." A bakin kabarinka, cikin yayyafi, ya kira waɗanda na iya ba shi, jama'a suka ce amin. Da ya zo kan Nyam kuwa, sai ya ambaci alherinsa, ya ce Allah Ya san abin da ya yi.

Allah Ya jiƙanka, Baba Bara'u. Ya sa ruwan da ka zuba wa bayinsa ya zama sanyi a makwancinka, Ya haɗa ka da waɗanda ka kwana kana nema. Ina yi wa Monica da jikokinka Na'ima da Shifa ta'aziyya, da duk wanda ka taɓa rufa wa nasa asiri. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Abin da na tsira da shi ga shi: butarka, hularka ɗaya, da suna huɗu. Sha'aban ɗan Zariya, Nuru Dogo, Tanko, Nyam. Biyar sun sake nutsewa.